Kabarin Barmo a Ƙasar da Ba a Haƙa Rami

Ku matso, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Dogara ɗan Nomau, mahaƙin rijiya, jikan mahaƙa rijiya, mutumin Tudun Aduwa. Na ƙetare rairayi, na ƙetare ruwan gishiri, na ci tuwon mutanen da ban san sunan abin bautarsu ba. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, don ni in na ɗauko zance ba na son a katse ni.

Mu biyu muka bar gida, ni da Barmo. Barmo ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna ƙanana bai taɓa kirana da sunana ba, sai bawana. Tare muke sana'a: in yana cikin rami ni ke jan guga, in ya gaji mu sauya. Wata shekara fatake suka sauka garinmu da labarin wani birni wai shi Ashkuna, inda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa daga gindin dutse har tsakar gidan mutum. Barmo ya ce ƙarya ce. Ni ma na ce ƙarya ce. Kashegari sai ga mu muna ɗaure kaya, da dagi da igiya da salka, muka bi ayarin.

Ba zan ɓata muku lokaci da abin da muka sha a hanya ba. Mun dai isa, fatar ƙafarmu ta zama kamar ƙirgi, bakinmu kuma ya kama harshen fatake, wanda ake ciniki da shi a duk ƙasashen can. Ashe labarin gaskiya ne! Rijiyoyi suke haƙawa a jere tun daga dutse, sannan su huda ƙasansu su haɗa wannan da waccan, ruwa ya bi ta ciki a sanyaye, rana ba ta ganinsa balle ta sha. Mutanen kirki ne, ba su ɓoye mana komai ba. Wuta suke girmamawa. Akwai wadda ke ci a ɗakin bautarsu tun zamanin kakanni, ba a kusantarta sai an rufe baki da ƙyalle, don kada numfashin ɗan Adam ya ɓata ta. Ba ruwanmu da wannan, mu aiki muka zo koyo.

Barmo kuwa, kun san akwai mutumin da in aka ce masa kada ya leƙa wuri, to nan ne zai kwana. Ya shiga wata tsohuwar hanyar ruwa da aka daina bi, iskar cikinta ta lalace. Da ƙyar na jawo shi. Tun daga ranar tari ya kama shi, yau da sauƙi, gobe ba sauƙi, har ya fara tofar da jini.

Yana cikin wannan hali aka yi rasuwa a maƙwabtanmu. Muna zaune a ƙofar masauki muka ga an jera itace, an ɗora mamacin, an zuba mai, ɗansa na fari ya kawo wuta daga ɗakin bauta. Mata na waƙa, ba mai kuka. Barmo ya damƙi hannuna har sai da na ji zafi.

“Bawana, ka ga abin da na gani?”

Na ce, “Na gani.”

“To ni ba tsire ba ne. Duk rayuwata a cikin ƙasa na yi ta. Ubana na cikinta, uwata na cikinta. Ka rantse mini ƙasa ce za ta rufe ni.”

Na ce masa ya daina zancen banza, mugu ba ya mutuwa da wuri. Bai yi dariya ba. Sai na rantse.

Ashe rantsuwar ce mai sauƙi. Dokar Ashkuna ita ce baƙon da ciwo ya kama a cikin birni ba ya fita ƙofa, wai in ya faɗi a daji kura ta ci shi, alhakinsa na wuyansu. Har itace mai ƙamshi suka ware wa Barmo, irin wanda ake ƙona manya da shi, suka zo suna nuna mana da murna. Aka ajiye mana dogari a ƙofa, mutum mai ladabi, kullum sai ya tambayi jikin mara lafiya, amma ko taki ɗaya ba ya matsawa.

Na rasa barci, na rasa zama. Ina kai da kawowa a tsakar gida sai idona ya faɗa kan bakin rijiyar gidan. Kai! Dogari na tsaron ƙofa, ga kuwa hanya a ƙarƙashin ƙafarmu. Na jira ranar da duk birnin ke tafiya ciyar da wuta da tsakar rana. Na hura salkunanmu suka kumbura, na ɗaure bakinsu, na zura Barmo da igiya, na bi bayansa da dagi a ɗaure a gadon baya. Ruwan ya ɗauke mu. Duhu ne wanda ko hannunka ba ka gani, sai can in mun zo ƙarƙashin wata rijiya haske ya faɗo mana, mu ga waɗansu fararen kifaye marasa ido suna bin mu. Barmo na tari, ramin na maimaitawa, ni kuwa ina ta roƙon Allah kada wata mata ta zuro guga a kanmu. Haka muka fita bayan ganuwa, ruwan ya zubar da mu a kogi, kogin ya kai mu wani tafki da ba a hango ƙarshensa.

A nan muka tarar da mutanen Ilmaru. Waɗannan ba su da ƙasa ko cikin tafin hannu. Iwa suke sara su ɗaure ta dami-dami, su yi tsibiri, su gina ɗaki a kai. In maƙwabci ya dame ka sai ka kwance gidanka ka tura shi gaba. Wani tsoho mai jirgi, Mardo, shi ya tsamo mu, ya kai mu gidansa, matarsa ta yi ta ɗura wa Barmo romon kifi. Na ɗauka mun tsira. Da na tambayi yadda suke yi da matattunsu, sai Mardo ya nuna mini ruwa. Daga ruwa aka zo, in ji shi, can ake komawa. Dutse ake ɗaura wa mutum a sake shi a tsakiyar tafki. Dutse kuwa babu shi a can, daga nesa ake kawowa, kowa tun yana saurayi yake neman nasa ya ajiye.

Ran nan sai ga Mardo ya mirgino wani baƙin dutse mai santsi, an zana masa kifaye, ya ajiye a gaban Barmo.

Ya ce, “Nawa ne. Tun kafin in yi aure nake goge shi. Na ba ka, baƙo, ni na nemi wani.”

Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Barmo ya yi godiya, ya yi godiya, da tsohon ya fita ya juyo gare ni. “Bawana, shekara da shekaru ina neman ruwa, yau ga shi shi ke nemana. Fitar da ni.”

Nan ma da magana. Babu mai jirgin da zai ɗauki wanda ke bakin mutuwa ya nufi tudu da shi, don sun ce wanda ya ƙwace wa tafki rabonsa, tafki zai ɗauki wani a gidansa. Sai mai lafiya ake fitarwa. To ina za mu samo wa Barmo lafiya, mutumin da ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi?

Shi ya kawo dabarar. Na tsayar da dagi a bayansa, na naɗe su tare da igiya tun daga ƙugu har hammata, na zura masa babbar riga a kai. Na shafa masa man kifi a fuska ya yi sheƙi. Na ɗauke shi na kafa a gaban jirgin Mardo kafin mutane su taru, na ce ai jiki ya yi kyau, za mu wuce. Da ya ji tari na tasowa sai ya mai da shi zagi.

“Kai, bawan banza! Dubi kunnuwa kamar faifai! Tuƙa mana, malalaci, uwarka ma da tuwo aka biya sadakinta!”

Mutanen Ilmaru suka yi ta dariya a bakin tsibiransu, suna cewa wanda ke da wannan baki ai ba yanzu ba. Ni kuwa ina tuƙi ina ramawa, zuciyata na ƙuna, don ina ganin yadda gwiwoyinsa ke rawa a ƙarƙashin rigar. Tun hantsi yake zagina har rana ta karkata. Da jirgi ya taɓa tudu na kwance igiyar, ya zube a hannuna kamar wanki.

Mardo ya dube mu, bai yi mamaki ba. Ya ce, “Tun a gida na ga ƙarfen ta wuyan rigarsa. Amma tafki bai ji daga bakina ba.” Ya juya jirginsa ya tafi.

Na ba da babbar rigar aka ba ni wani jaki mai taurin kai, na ɗora Barmo, muka yi ta hawa har muka shiga ƙasar Sumbara. Jama'a, ƙasa! Ja wur, mai laushi, shimfiɗe har iyakar gani. Barmo ya ce in sauke shi. Ya damƙi ƙasar cikin hannu ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Nan ma ya isa.”

Ba mu kai ga gidajen farko ba mutane suka fito, suka ga dagi a kafaɗata, sai ihu. Mata suka janye 'ya'yansu. Waɗansu maza suka zo suka karɓe dagin da tsumma, don kada fatarsu ta taɓa shi, suka kai shi bayan gari suka rataye a reshen wata bishiya, tunda ba wanda ya yarda ya kwana da shi a gida. Sannan aka kai mu gaban wata tsohuwa, Tamusha, wadda ita ke riƙe da al'amarin bautarsu, ita ke raba gardama.

Ita ta warware mini. A wurinsu ƙasa uwa ce, uwa kuwa ba a tsaga jikinta. Ba sa haƙa komai. Ba turke, ba tushen gini, ba kunya a gona. In kogi ya yi ambaliya ya janye, sai su watsa iri a kan laka, su kora awaki su tattake. Da duwatsun da suka tsinta a sarari suke gini. Hannun da ya huda ƙasa, dutse ake sawa a farfasa shi. Ga shi kuma damina ta yi ta wucewa kogin bai zo ba. Abin da ya rage musu wani kududdufi ne kore, da ludayi ake raba ruwansa, yara duk leɓunansu sun tsage.

Na ce, “To Iya, matattunku fa?”

Ta nuna wani dutse da haɓarta. Akwai babban kogo a can, mai iska busasshiya. A cikin kwando ake zaunar da mutum, a kai shi kusa da danginsa, gida-gida, suna fuskantar juna. Ta ce ba a raba mutum da mutane don kawai ya daina numfashi.

Barmo na kwance yana ji. Na so in ɗora shi a jaki mu ƙara gaba, amma ko kansa ba ya iya ɗagawa. Ya yafito ni.

“Bawana, ga ƙasa har ƙasa, an ce ba a taɓawa. Ka ga irin sa'ata?” Ya yi tari mai tsawo. “In ka bari aka zaunar da ni a kogo kamar mai jiran wanzami, ban yafe ba.”

Kashegari da hantsi Barmo ya cika, kansa a kan cinyata. Ban san ina da irin wannan kuka a cikina ba. Na yi ta jijjiga shi ina cewa ya zage ni ko sau ɗaya.

Tamusha ta zo da kanta, ta ce in rana ta yi sanyi za su kawo kwando, za a zaunar da shi cikin danginta, ba a taɓa yi wa baƙo haka ba. Na faɗi a gabanta. Na gaya mata rantsuwar, na gaya mata wutar Ashkuna da dutsen Mardo, na ce taki uku kawai nake roƙo, ko a bayan gari, ko inda ake zubar da shara.

Ta ce, “Ɗana, kai za ka yarda in tsaga cikin uwarka in cusa baƙo?”

Ba ta jira amsata ba. Ta tafi.

Rana ta take, zafi ya kori kowa cikin ɗaki, ko kare ba ya motsi. Na dubi hannuna na dama, na ce to, in an farfasa ka an farfasa. Na naɗe Barmo a mayafinsa, na ɗora a jaki, na bi ta bayan gari na sauko da dagina. Na yi ta tafiya ina neman inda ya dace da shi. Nan bai yi mini ba, can bai yi mini ba. Ban san me nake nema ba, ƙafata ce dai ke ja na, har ta kai ni wani kwari inda wani baure ya tsaya kore shar, alhali duk itatuwan ƙasar sun zubar da ganye. Ga suri a gefe, gara na ta gini da ɗanyar ƙasa, ga zuma na shawagi ƙasa-ƙasa. Zuciyata ta ce nan ne. Na kwantar da Barmo a inuwa na kama aiki.

Ina haƙa ina kuka, ina haƙa ina yi masa faɗa, shi da ya shiga inda aka ce kada ya shiga. Ban duba abin da nake yi ba. Hannu ne ke aikinsa, yana sara, yana kwashewa da ƙoƙo, yana watsawa sama. Sai da na ji sanyi a tafin ƙafata na farga. Na ɗaga kai, sai ga sama a can nesa, zagayayya. Ramin ya shanye ni har da rabin wani. Na dubi ƙasa, ga ruwa na tsattsafowa ta tsakanin yatsuna.

Wayyo ni Dogara! An aike ni kabari na haƙo rijiya! Tun da aka haife ni ban taɓa neman busasshen wuri ba, ƙafata ba ta san shi ba, hannuna bai san rami mai tsawo ba. Ga rana ta karkata, ga ƙarfina ya ƙare, ga Barmo a kwance ba inda zan sa shi. Na zauna cikin taɓon na rasa ko kuka zan yi ko dariya.

A haka suka same ni, sun biyo sawun jaki da kwandonsu. Na ji kururuwa a sama. Aka zuro mini igiyata aka fizgo ni, aka danne ni, aka shimfiɗa hannuna a kan wani falalen dutse. Wani ƙato ya ɗauko dutsen da zai yi aikin. Sai wata mata da ta leƙa ramin ta ƙwalla ƙara.

“Jini! Uwa na zubar da jini!”

Tamusha ta ce a dakata. Ta dogara sandarta har bakin ramin, ta daɗe tana kallo. Ta sa aka ɗaura ƙoƙona a igiya aka ɗebo ruwan. Ta bari ya kwanta, ta shinshina, ta kurɓa. Kowa ya zuba mata ido. Ta sake kurɓa, ta juya ga jama'a.

“Wane jini ne fari? Uwa ta ga 'ya'yanta na mutuwa, ta buɗe nono. Ku sake shi.”

Da ta zo wucewa ta kusa da ni ta rage murya. “Ban san ko mene ne ba, baƙo. Na dai san jikokina na jin ƙishi. Kada ka sa in yi ƙarya a banza, ruwan zai ɗore?”

Na ce, “Zai ɗore, Iya, in an ɗaure bakinsa da dutse. Amma guga na fari na Barmo ne. Sai na yi masa wanka.”

Ku tuna mutanen nan da ludayi suke sha. Yara na miƙa hannu, iyaye na riƙe su. Tamusha ta ce a ba ni. Suka juya mana baya suka tsaya cikin ƙishinsu har na wanke ɗan'uwana tas, na mai da shi cikin mayafinsa. Sannan suka sha.

Na ce saura alkawari. Ta ce uwar da ta ba da wannan ba za ta ƙi karɓar wanda ya jawo shi ba. “Amma ni zan zaɓi wurin. Kai ba a yarda da ƙafarka ba.”

Ta kai mu kan wani tudu mai tsakuwa. Ni kaɗai na haƙa, ba wanda ya taya ni, ba kuma wanda ya tafi. Wannan karon na auna da tsawonsa. Na kwantar da shi, na jera itace, na mai da ƙasa, na yi masa addu'ar da aka yi wa ubansa. Na ce, “To ubangidana, ga ƙasarka. Bawa ya cika aiki.”

Na miƙe ina jiran su watse, sai na ga suna ta duban juna, hankalinsu a tashe. Tamusha ta ce, “Shi ke nan? Haka za ka bar shi?”

Na ce haka muke yi.

“Shi kaɗai? Ba kowa a damansa, ba kowa a hagunsa? Kai kuma na ga idonka, gobe ko jibi za ka kama hanya.”

Gaskiya ta faɗa, don tun a lokacin ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Na sunkuyar da kai.

Ta buga sandarta a ƙasa, dab da kabarin. “A Sumbara ba a barin baƙo ya kwana shi kaɗai. Haƙa wani a nan.”

Ɗanta ya ce, “Iya! Danginki na kogo!”

Ta ce, “Suna da yawa, ba za su yi kewa ba. Haƙa, baƙo, tun kana nan. Waɗannan ba su iya ba.”

Na zauna har na ɗaure musu bakin rijiyar, na koya wa waɗanda zuciyarsu ta ɗauka yadda ake riƙe dagi. Ranar da zan tafi na hau tudun na haƙa na biyun, ita tana zaune a gefe tana cewa in ƙara faɗi, ba ta son matsi. Da na gama ta sa aka riƙe ta, ta zura hannu ta shafa ƙasan ramin, ta ce a bushe yake.

Na yi sallama da Barmo, na kora jakina. Da na kai gangare na waiwaya, sai na hango ta zaune a bakin ramin nata, ta juya wajen kabarinsa, hannunta na motsi. Hira take yi masa.